An riƙe fasfon ƙanwata a Saudiyya: idan muka kai ƙara, ba ita za a kama ba?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Kubwa. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan wata mata da muka sani a unguwa ta yi wa ƙanwata hanyar zuwa Saudiyya aikatau, a kan za a riƙa biyanta duk wata. Da ta isa sai aka karɓe fasfonta, aka ce sai ta gama biyan kuɗin jirgi da biza tukuna, har yau ba ta riƙe ko riyal ɗaya ba. Ba a barinta ta fita, waya ma a ɓoye take kiranmu. Yanzu ta ce gudu za ta yi. Abin da ya hana mu kai ƙara shi ne da yardarta ta tafi, kuma an ƙara mata shekaru a fasfo. Idan muka je hukuma, ba ita za a kama ba? In kuma ta gudu, me zai same ta?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya fito da ita lafiya. Tambayarki biyu ce a haɗe, kuma kowacce da ƙasar da take amsa ta. Ta farko, ko za a kama ta idan kun kai ƙara, dokar Najeriya ce ke amsa ta, kuma amsar tana da sanyi. Ta biyu, abin da zai biyo bayan gudu, wannan dokar Saudiyya ce, kuma a nan sai an bi a hankali. Abu ɗaya ne ya ɗaure su: mace ɗaya tana iya zama mai laifin shige da fice kuma wadda aka yi safararta a lokaci guda, kuma sunan da aka fara rubuta mata a takardar hukuma shi ne yake binta har ƙarshe. Duk ƙoƙarinku ya tafi wajen ganin an fara rubuta ta a matsayin wadda aka zalunta.

Yardarta ba ta wanke kowa ba

A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar Palermo kan safarar mutane, Najeriya kuma ta tabbatar da ita a 2001. Daga nan aka ɗauko ma'anar da kusan duk ƙasashe ke aiki da ita. Ana duba abu uku. An ɗebo mutum, ko an yi jigilarsa, ko an ajiye shi, ko an karɓe shi? Ta wace hanya, yaudara ce, ko barazana, ko tilas, ko cin gajiyar halin ƙunci da yake ciki? Da wace manufa, aikin dole ne, ko bauta, ko karuwanci? Idan ukun nan suka haɗu, safara ce. Yarjejeniyar ta kuma faɗa ƙarara cewa idan an bi ta yaudara ko tilas, yardar da mutum ya bayar tun farko ba ta da wani nauyi.

Ki auna labarin ƙanwarki da wannan. Ta yarda ta je ta yi aiki a biya ta. Ba ta yarda a kulle ta a gida wata goma sha shida babu albashi ba. Bashin da aka ɗora mata shi ne igiyar da aka fi ɗaure mata da ita a wannan harka, domin ba a rubuta shi, ba a faɗin ranar ƙarewarsa, kuma duk lokacin da aka kusa kai ƙarshe sai a ƙaro kuɗin abinci ko na magani ko na wata takarda. Riƙe fasfo, hana fita, hana waya, rashin albashi, waɗannan su ne alamun da jami'in bincike ke nema tun a zaman farko.

Kada a rikita wannan da fasa-ƙwaurin mutane. Wanda ya biya direba a Agadez ya tsallaka da shi Libiya, suka rabu a can kowa ya kama gabansa, wannan fasa-ƙwauri ne, kuma Dokar Shige da Fice ta 2015 ce ke hukunta mai tsallakarwar. A safara ba a rabuwa, cin moriyar mutum bayan an isa shi ne cinikin. Sau da yawa tafiya tana farawa a matsayin na farko ta rikiɗe ta koma na biyu a hanya.

Sai batun shekaru, wanda kuke gani kamar rauninku ne. Ki tambayi kanki me ya sa aka ƙara. Idan lokacin da aka ɗauke ta ba ta kai 18 ba, to doka ba ta ma buƙatar a nuna an yaudare ta ko an tilasta ta, ɗaukarta da manufar cin moriyarta kaɗai ya wadatar. Ke nan fasfon da kuke ɓoyewa yana iya zama hujja mafi ƙarfi a kan matar, muddin kuna da takardar haihuwa ta gaskiya ko shaidar makaranta da za a gwada da shi.

Abin da dokarmu ta tanada

An kafa hukumar NAPTIP, mai yaƙi da safarar mutane a Najeriya, a 2003, aka sake dokarta gaba ɗaya a 2015, kuma ta 2015 ɗin ce ke aiki yanzu. Sashe na 62 ya ce idan yanayi ya nuna dacewar haka, ba za a tsare ko a gurfanar da wadda aka yi safararta ba kan laifukan da suka samo asali daga halin da aka jefa ta, kuma ya ambaci rashin takardar tafiya da amfani da takardar jabu da sunansu. Wannan shi ne amsar tsoronku kai tsaye. Sai dai ki lura da sharaɗin nan na "idan yanayi ya nuna dacewar haka". Ya bar wa jami'i da alƙali damar aunawa. Shi ya sa nake ba da shawarar ku faɗi maganar shekarun da bakinku tun ranar farko, ku faɗi wanda ya kai ta ofishin fasfo da wanda ya cike fom. Idan kuka ɓoye aka gano daga baya, lauyan wadda ake tuhuma zai ce wanda ya yi ƙarya a ɗaya zai yi a sauran.

Sashe na 61 ya jera haƙƙoƙi: a ɓoye sunanta, a kare ta da danginta daga barazana da ramuwar gayya, a ba ta kulawar lafiya, kada bincike ya zama tonon asirin rayuwarta. Dokar ta kuma ba ta damar neman diyya da shigar da ƙarar wadda ta yi safararta, komai matsayin takardunta. Mafi ƙarancin hukuncin safara shi ne ɗaurin shekara 2 da tarar naira 250,000, yana kuma hawa gwargwadon laifin, har ya kai aƙalla shekara 7 da naira miliyan 1 idan yarinya ce aka jefa a lalata. Gyaran 2015 ya toshe ƙofar da a da ake bi a biya tara kawai a tafi gida.

Wannan kariya ba ta 'yan Najeriya kaɗai ba ce, kuma ya kamata mu mutanen Abuja mu ji wannan da kyau. Yarinyar da aka kawo daga Nijar ko Benin ko Togo tana wanke-wanke a Gwarimpa, kuɗin aikinta na tafiya aljihun wadda ta kawo ta, ita ma dokar ta rufe ta: a haɗa ta da ofishin jakadancin ƙasarta, kada a hana ta izinin zama na wucin gadi yayin da ake shari'a. Ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida ma laifi ne a ƙarƙashin dokar. Abin da muke kuka ana yi wa namu a Jidda, akwai gidajen da ake yin irinsa a bayan katangarmu.

Can kuma fa?

Sashe na 62 iyakarsa Najeriya. Ɗan sandan Saudiyya ba ruwansa da shi. Saudiyya tana da tata dokar hana safarar mutane tun 2009, mai hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 15 da tarar riyal miliyan 1, kuma a 2020 ta ƙaddamar da tsarin gano waɗanda aka yi safararsu da miƙa su ga masu kula. Riƙe fasfon ma'aikaci ma haramun ne a dokarsu. Amma a aikace, macen da aka tare a titi babu igama, wato katin izinin zama, abin da aka fi yi shi ne a ɗauke ta a matsayin mai karya dokar zama, a wuce da ita tarhil, wato gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, irin na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda. Ba kowane jami'i ne zai tsaya ya tambaye ta yadda aka yi ta zo ba.

Abu na farko da za ku gano shi ne irin bizar da ta shiga da ita, domin ba ki faɗa ba, kuma hanya ta rabu a nan.

Idan bizar aiki ce, tana da kafili, wato wanda zamanta a ƙasar ke rataye da sunansa. Ranar da ta bar gidan, yana iya shigar da rahoton cewa ta gudu, abin da ake kira hurub. Daga nan zamanta yana iya zama haramtacce, wanda ya ɓoye ta ko ya ba ta aiki shi ma ya shiga laifi. Sassaucin da aka yi wa tsarin kafala a watan Maris na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Amfanin wannan matsayi shi ne akwai kwantiragi, saboda haka tana da hurumin kai ƙarar albashinta a Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar, wadda ke da lambar koke 19911. Wanda ya riga kai magana yana da rinjaye: koken rashin albashi da aka shigar kafin rahoton hurub ya fi wanda aka shigar bayansa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Idan kuwa bizar Umara ko ta ziyara ce, kamar yadda ake yi wa da yawa daga cikin matanmu da ke zama tikari, to babu kafili, babu kwantiragi, bizar ta daɗe da mutuwa, aikin ma tun asali ba a halatta mata shi ba. Neman albashi ta hanyar ma'aikata zai yi wuya ƙwarai. A nan manufa ta koma fito da ita lafiya, sannan a bi haƙƙinta a kan wadda ta tura ta, a kotun Najeriya.

A kowane hali akwai tarko biyu. Na farko ƙazafin sata. Gidan da 'yar aiki ta gudu daga cikinsa yakan riga ta zuwa wurin 'yan sanda ya ce ta ɗauki zinare ko kuɗi, kuma muddin akwai ƙarar laifi a kanta ba za a ba ta izinin fita ƙasar ba sai an warware. Saboda haka in za ta fita, kada ta ɗauki ko tsinke da ba nata ba, ko da tana ganin bashin albashinta ne take fanshewa. Na biyu takardar sallama. Za a iya miƙo mata takarda da Larabci a ce ta dangwala yatsa don a sake ta, alhali abin da ke ciki shi ne ta karɓi haƙƙinta duka. Kada ta sa hannu a abin da ba a karanta mata ba a gaban jami'in ofishin jakadanci. Idan kuma an taɓa mutuncinta a gidan, ta fara faɗa wa jami'in namu ko lauya kafin 'yan sanda, domin ƙarar fyaɗen da ba a kafa hujjarta da kyau ba tana iya juyewa a tuhumi mai ƙarar.

Shin ta gudu? Idan ana dukanta ko rayuwarta na cikin haɗari, ta fita, babu takardar da ta kai rai. Amma ta san inda ta nufa tun kafin ta buɗe ƙofa: ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda, ko babban ofishin a Riyad. Kuskuren da aka fi yi shi ne ta kira wata lamba da 'yar uwar aiki ta ba ta, a zo a ɗauke ta zuwa wani ɗaki a unguwar baƙi, washegari a samo mata wani gidan da sabon bashi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Idan kuwa babu haɗari na gaggawa, gara ta daure 'yan makonni ku fara shigar da ƙara a nan, domin ranar da ta isa ofishin jakadanci a tarar sunanta ya riga ta zuwa.

Rashin fasfo ba ya hana dawowa. Ofishin jakadanci yana ba da takardar tafiya ta gaggawa, mai amfani sau ɗaya zuwa gida. Sai dai ita kaɗai ba ta fitar da mutum, dole hukumar jawazat, wato ta shige da fice ta Saudiyya, ta ba da izinin fita, kuma wanda aka fitar ta tarhil ana ɗaukar hoton yatsunsa a hana shi sake shiga ƙasar na wani lokaci. Ku sanar da ita wannan tun yanzu, kada ta ji shi a bakin jami'i.

Aikinku a nan Abuja

Ku fara da tattara hujja, kafin matar ta ji ƙishin-ƙishin. Saƙonnin murya na WhatsApp tsakaninta da ku ko da ƙanwarki, rasit na duk kuɗin da aka tura da sunan mai asusun, hoton shafin fasfo da biza in akwai, ranar tafiya da filin jirgin da ta tashi, ko Kano ne ko Abuja ko Legas ko ta wata maƙwabciyar ƙasa aka zagaya da ita. Ku kwafe komai a waya ta biyu. Ita kuma ta turo alamar wurin da take ta taswirar waya, da sunan mai gidan, da sunan unguwa, da lambar duk wanda ya tarbe ta a filin jirgi, sannan ta goge saƙon daga wayarta. Ta haddace lambar mutum ɗaya a cikinku da ka, don waya ita ce abin da ake fara ƙwacewa.

Sannan ku rubuta koke zuwa ga shugabar NAPTIP, ku kai hedikwatarsu da ke Wuse Zone 5, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Suna da gajeriyar lamba, 627, amma kira ba ya maye gurbin takarda. Ku kai kwafi ga NiDCOM, hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da sashen kula da 'yan ƙasa na Ma'aikatar Harkokin Waje, domin ta nan ake isa ga ofishin Jidda. Ba a biyan kuɗin kai ƙara. A cikin koken ku bi kwanan wata, ku rubuta abin da aka yi alkawari da abin da aka tarar, ku ambaci fasfo da bashi da kulle da sunayensu. Koken da ya ce kawai "ba a biyanta albashi" ana iya ɗaukarsa rigimar ma'aikaci da mai gida a ajiye shi gefe.

NAPTIP ba ta da ikon shiga gida a Saudiyya. Ikonta a kan matar unguwarku yake, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mai tura mutane ta san wanda ya karɓa a can, kuma sau da yawa fasfon da aka ce ya ɓata yakan fito da zarar an gayyace ta ofis.

Za a zo muku da maganar sulhu, wataƙila ta bakin mai unguwa ko wani dattijo da kuke jin nauyinsa, a ce ku cika ragowar kuɗin a dawo da ita a rufa wa juna asiri. Ban hana ku sauraron manya ba, amma ku sani biyan kuɗin ba ya ba da tabbacin komai, kuma wanda ya biya sau ɗaya an gane yana iya biya sau biyu. In ma an sa ƙanwarki ta rantse da Alƙur'ani cewa ba za ta tona ba, ku kai maganar gaban malamin da kuka amince da shi ya warware mata, don tsoron rantsuwa yana rufe bakin shaida fiye da tsoron ɗan sanda. A Edo sai da Oba na Benin, Ewuare II, ya fito a 2018 ya karya irin rantsuwar da ake sa 'yan mata a wuraren tsafi kafin wasu suka iya magana. Game da ɗora bidiyonta a Facebook ko TikTok kuwa, na san yakan sa hukuma ta motsa, amma ni ina ganin a bar shi ya zama makami na ƙarshe. Mutanen gidan ma suna da waya, kuma bidiyon zai ci gaba da yawo shekaru bayan ta dawo tana neman miji ko aiki.

Da a Turai ko Amurka take, da lissafin ya bambanta, kuma na faɗa ne saboda masu irin matsalarki da 'yan uwansu ke can. Yarjejeniyar Majalisar Turai ta 2005 ta wajabta a ba wadda ake zaton an yi safararta aƙalla kwana 30 ta huta ta yi tunani, ba a korarta a cikinsu. Italiya tun 1998, a sashe na 18 na dokar baƙinta, tana ba da izinin zama da ake sabuntawa, har a mayar da shi na aiki ko karatu, kuma ana iya samunsa ta hannun ƙungiyar jin ƙai ba lallai sai an tsaya shaida a kotu ba. Amurka tana da biza mai suna T tun dokar 2000, ta shekara 4, guda 5,000 a shekara, amma galibi sai an taimaka wa masu bincike. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kada ku sa ran irin wannan zama. Abin da ake nema shi ne fita lafiya da abin da ya samu na albashi.

Idan ta sauka

Ku sanar da NAPTIP ranar saukarta don a ɗauki bayaninta tun abin yana sabo, kuma a duba lafiyarta a makon farko. Hukumar tana da gidajen ajiye waɗanda aka ceto, inda aka saba zama har mako 6. Gidajen a rufe suke, ba a fita yadda aka ga dama, abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta soka a rahotonta na 2019. Macen da ta fito daga kulle tana iya jin kamar an sake kulle ta. Tunda tana da ku, kuna iya neman ta zauna a gida tana zuwa ba da bayani, sai fa idan matar da mutanenta suna kusa har kuna tsoron barazana, to a nan gidan hukumar ya fi Kubwa aminci.

Shari'ar a babbar kotu ake yinta, tana ɗaukar lokaci, kuma yawancin waɗanda suka rushe sun rushe ne don shaida ta gaji ko dangi sun janye ta. Diyya ma ba ta zuwa da kanta, sai an roƙa, saboda haka ku tuna wa mai gabatar da ƙara ya nemi kotu ta haɗa da albashin watannin da ta yi, ku ba shi lissafinsu a rubuce. Abin da na faɗa a nan bisa labarin da kika bayar ne, lauyan da ya ga bizar da fasfon da idonsa shi zai faɗa muku takamaiman matsayinta, kuma kuna iya samunsa kyauta a Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Abuja. Ku tafi masa da takardar haihuwarta ta asali, domin bayan shari'a akwai aikin gyara shekarun a fasfo da rajistar NIN, kuma takardar da NAPTIP za ta rubuta cewa safararta aka yi ita ce za ta sauƙaƙa muku wannan a ofishin shige da fice da ke Sauka.